Daga jarrabawar ƙarshe zuwa aikin dare: Yadda ake shirya sabon likita a Maiduguri

Duk lokacin da Kwalejin Kimiyyar Likitanci ta Jami'ar Maiduguri ta yaye ɗalibanta, bayan aƙalla shekara 6 na karatu, iyaye da dangi kan ɗauka cewa an kai ƙarshen tafiya. A dokar aikin likita ta Najeriya kuwa, ranar rantsuwa ce mafarin wata tafiyar ta daban, wadda kan ɗauki shekaru kafin a kira mutum ƙwararren likita.

Makonnin farko na wannan tafiya su ne suka fi haɗari ga sabon likita da kuma majinyacin da ke hannunsa. A jiya ɗalibi ne da ke tsaye bayan malaminsa yana kallo, yau kuma shi ne zai rubuta magani ya sa hannu.

Matakan da sabon likita ke bi

A Amurka, ɗalibi kan wuce kai tsaye daga makarantar likitanci zuwa horon neman ƙwarewa. Tsarin Najeriya ya bambanta. Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, takan fara bai wa wanda ya kammala karatu rajistar wucin gadi ne mai wa'adin shekara 2.

Cikin wannan wa'adi, wajibi ne ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibitin da majalisar ta amince da shi. Ana raba shekarar gida huɗu, wata uku-uku: sashen cututtukan manya, sashen tiyata, sashen yara, da sashen mata da haihuwa. Sai manyan likitocin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu sun sa hannu cewa ya cancanta kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Tun daga 2021, majalisar ce ke rarraba guraben wannan aiki a asibitocin gwamnatin tarayya ta intanet.

Daga nan sai shekarar yi wa ƙasa hidima, inda sau da yawa ake tura likita asibitin ƙaramar hukuma, ya tarar ba wani likita a sama da shi.

Mataki na uku shi ne horon neman ƙwarewa. Mai son shigarsa sai ya ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Horas da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu na Afirka ta Yamma, ta likitocin tiyata da ta likitocin cututtuka. Bayan ya samu gurbi a asibitin koyarwa, zai zauna jarrabawar kashi na ɗaya, sannan ta kashi na biyu tare da gabatar da kundin bincike. Horon kan ci shekara 4 zuwa 6, wasu fannonin tiyata ma su zarce haka.

Abin da jarrabawa ba ta aunawa

Ɗalibin da ya ci jarrabawar ƙarshe ya san alamomin cuta da sunayen magunguna. Abin da aikin dare ke nema daga gare shi ya fi haka. Iyalin da suka ɗauko yaro mai jijjiga daga Wulari ko Gwange ko Bulumkutu da ƙarfe biyu na dare, galibi ƙaramin likita za su fara gani, domin shi ne ke kwana kusa da majinyata.

A wannan lokaci hannu ake buƙata: samun jijiya a jikin yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, sa robar fitsari, ɗinke rauni, ɗibar jini, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Ana kuma buƙatar lissafi, domin maganin yaro ana auna shi ne da nauyin jikinsa, kuskuren ɗigo ɗaya a rubutun adadi kuma na iya ninka maganin sau goma.

Akwai kuma aikin da ake rainawa alhali shi ke riƙe da asibiti: rubuta bayanin majinyaci yadda wani zai iya karantawa, bibiyar sakamakon gwaji, da miƙa aiki ga wanda ya karɓi duti. Idan likitan rana ya tafi bai faɗa wa na dare cewa wata mai jego tana zubar da jini ba, to an bar ta a hannun wanda bai san halin da take ciki ba.

Mafi wuya daga ciki shi ne sanin lokacin da ya kamata a tayar da babban likita daga barci. Kunya da tsoron faɗa kan sa sabon likita ya yi ta jinkiri har lamari ya ƙazanta. Saboda haka horo mai kyau yakan zayyana alamomin da dole a kira na gaba idan an gan su, kamar faɗuwar awon jini, gushewar hankali da saurin numfashi. Matambayi ba ya ɓata, amma sai manya sun nuna cewa tambaya ba abin zargi ba ce.

Abin da Maiduguri ta keɓanta da shi

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, yana karɓar majinyata daga Borno da maƙwabtan jihohi, har da Nijar, Chadi da Kamaru. Kusa da shi a wajen ɗaukar nauyi akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, da Asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu, da asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke kan hanyar Baga.

Rikicin da ya ɓarke tun 2009 ya sauya irin majinyatan da waɗannan asibitoci ke gani. Raunin harsashi da na fashewar bam, tamowa a tsakanin yaran da aka raba da gidajensu, ƙyanda, kwalara da ciwon damuwa sun zama aikin yau da kullum. Ga kuma ciwon ƙoda da ya yi ƙamari a sassan Borno da Yobe.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da ƙa'idar da ta saɓa wa abin da aka saba. Misali, yaron da tamowa ta yi wa tsanani ba a gaggauta yi masa ƙarin ruwa ta jijiya kamar sauran yara, domin zuciyarsa ta yi rauni, ruwan na iya fin ƙarfinta. Likitan da bai san wannan ba zai iya cutar da yaron da kyakkyawar niyya.

Harshe ma wani shinge ne. Ana koyar da likitanci da Turanci, amma majinyaci a Maiduguri zai bayyana ciwonsa da Kanuri ko Hausa ko Larabcin Shuwa ko Babur ko Margi. Likitan da aka turo daga wata jiha yana buƙatar kalmomin tambayar ciwo, da sanin yadda ake neman izinin tiyata daga iyali, da yadda ake sanar da rasuwa cikin mutunci.

Ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau, ta ƙara wani darasi. Ruwa ya shiga asibitin koyarwar ya lalata na'urori masu tsada, a daidai lokacin da dubban mutane ke neman kulawa. A irin wannan rana, likitan da ya iya gano cuta da tambaya da ido da hannu shi ne ke iya ci gaba da aiki.

Yadda wasu ƙasashe suka rage giɓin

A Birtaniya, sabbin likitoci kan kama aiki ne a Larabar farko ta watan Agusta. Wani bincike na kwalejin Imperial da ke Landan, wanda aka wallafa a 2009, ya gano cewa yiwuwar mutuwar majinyatan da aka kwantar cikin gaggawa a wannan rana ta fi ta waɗanda aka kwantar a Larabar da ta gabata da kashi 6 cikin 100. Daga 2012, aka wajabta wa kowane sabon likita ya shafe aƙalla kwana 4 yana bin likitan da zai gada, ana biyansa, kafin ya karɓi aiki.

A Amurka, ƙungiyar kwalejojin likitanci ta fitar a 2014 da jerin ayyuka 13 da ake son kowane ɗalibi ya iya yi ba tare da wani na tsaye a kansa ba tun ranar farko, ciki har da rubuta magani, miƙa majinyaci ga wani likita, da gane wanda ke buƙatar agajin gaggawa. Makarantu da dama a can kan ware makonnin ƙarshe domin atisaye a kan mutum-mutumi. Tun 2003 kuma aka ƙayyade aikin likitoci masu neman ƙwarewa kada ya wuce awa 80 a mako.

Yawancin waɗannan matakai ba sa buƙatar na'ura mai tsada. Ɗalibin ajin ƙarshe zai iya bin ƙaramin likita aikin dare, ya rubuta magani a takarda babba ya duba, ya cike littafin ayyukan hannu da aka gan shi ya yi da gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lafiyar likitan kansa

Shiri bai cika ba sai an koya wa sabon likita kare kansa. A Janairun 2020, zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sa safar hannu da takunkumi, rigakafin ciwon hanta, da sanin inda za a je nan take idan allura ta soki mutum, darussa ne na ranar farko. Rantsuwar likitoci ta Geneva ma, a gyaran da aka yi mata a 2017, ta ɗora wa likita nauyin kula da lafiyarsa domin ya iya kula da ta wasu.

Masu koyarwar ma suna raguwa

Horon likita gado ne da ake karɓa hannu da hannu a bakin gadon majinyaci, don haka ya dogara da yawan manya. A 2024, Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara 5, kuma waɗanda suka rage kimanin 55,000 ne. A watan Agusta na shekarar gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Ban da haka, gwamnatin ta ƙara guraben ɗaukar ɗaliban likitanci.

Akwai dokar horon neman ƙwarewa ta 2017, wadda ta tanadi kuɗin tallafa wa horon, sai dai jinkirin biyan haƙƙoƙi ya sha janyo yajin aiki, kamar wanda ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta yi daga Agusta zuwa Oktoban 2021.

Ƙarin gurabe na nufin ƙarin sabbin likitoci a ɗakunan majinyata nan da 'yan shekaru. Amfanin hakan ga mazauna Maiduguri zai dogara ne da abu biyu: shirin da aka yi wa ɗalibi a watanninsa na ƙarshe a makaranta, da samun babban likita da zai amsa kiransa idan dare ya tsala.