Amfani da Na'urar Sikanin a Gefen Gado Wajen Gano Illolin Cutar Kumburin Hanji

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda likitoci ke gano illolin cutar kumburin hanji ba tare da an ɗaga majinyaci daga gadonsa ba. Cutar iri biyu ce: gyambon babban hanji, da kuma cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga Burrill Crohn, likitan Amurka da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa biyu a 1932. Wannan ta biyun ita ce ke cin bangon hanji gaba ɗaya, saboda haka ta fi jawo illoli.

Na'urar sikanin, wadda mata masu juna biyu suka fi sani, tana aika sautin da kunne ba ya ji cikin jiki, amsa-kuwwar da ta dawo kuma ta zama hoto. Abu na farko da likita ke aunawa shi ne kaurin bangon hanji. Idan ya wuce milimita 3, alama ce ta kumburi. Daga nan sai ya nemi tsukewa, wato inda hanji ya ƙuntata har ɓangaren da ke gabaninsa ya buɗe don tarin abin da ya kasa wucewa. Ƙurji kuwa yakan fito a matsayin baƙin gurbi cike da mugunya, kuma ganinsa da wuri yana da muhimmanci ƙwarai, domin magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki na iya tsananta shi. Akwai kuma siririyar kafa da kan ɓulle daga hanji zuwa wani hanjin, ko mafitsara, ko fata. Bahaushe ya riga ya san yoyon fitsari, don haka kiran wannan illa da yoyon hanji ya fi dacewa da a aro baƙuwar kalma.

Na'urar ba ta da tururin da ke cutarwa irin na hoton CT, ana iya maimaita ta ko da yaushe. Sai dai iskar ciki da ƙiba kan kare hoton, kuma ingancinsa ya dogara ga gwanintar mai riƙe da ita. A Nijeriya akwai ƙarin matsala: tibi ta hanji takan kama ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda cutar Crohn ta fi kamawa, har hotonsu ya yi kama. Kafin a rarrabe su, sai an gutsuro tsokar hanji an gwada.