Ɗinkin Gida da Gyaran Tufa: Abin da Hausa Ta Tanada da Abin da Ta Rasa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba kalmomin da Hausa ta ke da su game da ɗinkin tufafi a gida, musamman gyaran rigar da aka ɗinka ba ta zo daidai jiki ba. Ba ɗinkin tela na kasuwa a ke nufi ba. Ana nufin ɗinkin da mutum ya ke yi domin sha'awa, ya ɗinka wa kansa ko 'ya'yansa, ba don a biya shi lada ba. Abin da za a nuna shi ne, harshen yana da wadatar kalmomi wajen tsohon yanka, amma wajen sabon yanka akwai giɓi, kuma giɓin nan yana jawo wa masu koyo hasarar yadi.

1. Kayan aiki da asalin sunayensu

Sunayen kayan ɗinki sun kasu kashi uku. Akwai na asali, kamar zare da ɗinki, wanda waɗansu su kan ce ɗumki. Akwai waɗanda aka aro daga Larabci tun da daɗewa, kamar allura da almakashi da aljihu. Sa'an nan akwai na Ingilishi, kamar tela da yadi da inci da siket da faci. Kafin yadi da inci, da jiki a ke awo: taƙi da kamu da gaba. Duk wanda ya lura zai ga kowane rukuni yana nuna zamanin da abin ya shigo.

A shekarar 1851 Barth ya shiga Kano, ya tarar saƙa da rini su ne ginshiƙin arzikin birnin. A wannan shekara ce kuma Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na ɗinki a Amurka. A 1863 Ebenezer Butterick ya fara sayar da takardun yanka masu girma dabam-dabam, waɗanda a ke shimfiɗawa a kan yadi a bi su da almakashi. Keke da takardar yanka su ne suka mai da ɗinkin gida abin da mai ƙaramin sani zai iya yi a ƙasashen Turai da Amurka. Da keken ya iso ƙasar Hausa, ya zo da irin nasa yanka.

2. Yanka iri biyu

Saƙar maza siririya ce, sai an jera ta layi-layi an haɗa kafin a sami faɗin riga. Saboda haka babbar riga da taguwa da wandon gargajiya duk daga miƙaƙƙun yanki a ke gina su, ba a bin lanƙwasar jiki. Inda a ke bukatar yalwa sai a sa cuna. Ƙugun wando a kan yi shi da faɗi, a kalmashe bakinsa a yi ƙubaka, a zura zariya, mai wando ya tsuke daidai yadda ya ke so. Irin wannan tufa da wuya ta ƙi mai ita. In ya yi ƙiba ta ɗauke shi, in ya rame ta rufa masa asiri, har ƙane ya kan gaji ta wa.

Sabon yanka kuwa jiki ya ke bi: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hammata, kowanne da awonsa. Kuskuren inci 1 ya isa ya hana riga zama. Nan ne mai ɗinkin sha'awa ya ke yawan yin tuntuɓe, nan ne kuma harshen ya ke gaza masa.

3. Yadda a ke faɗin aibin tufa

Bahaushe ba ya rasa yadda zai faɗi aibin riga. Ya kan ce ta matse shi, ko ta yi masa kaɗan, ko ta yi masa yawa. In tsawo ne ya gaza, sai a ce ta ɗage, ko a ce ɗangalallen wando. In ta yi kyau a ce ta zauna masa, ko ta karɓe shi. Abin lura shi ne, a cikin waɗannan jimloli riga ce mai aikatawa, mutum shi a ke yi wa.

A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji 7. Yawancin kalmomin gyaran tufa suna aji na 4, mai ƙarewa da wasalin e, wanda ya ke nuna kammala aiki: ɗinke, rage, tsuke, kalmashe, warware. Aji na 7 shi ne na hukunci, domin da shi a ke cewa riga ta gyaru, ko ba ta gyaruwa. Akwai kuma bambanci da ya kamata malami ya tsaya a kansa. Warware ɗinki aiki ne na ganganci, ana cire zare yadi yana nan lafiya. Ɓarkewa zare ne ya tsinke da kansa. Yagewa kuwa yadin ne ya lalace. Na farko da na biyu allura tana maganinsu, na uku sai maho, watau abin da a yanzu a ke kira faci.

4. Hanyoyin gyara

Ƙa'ida ɗaya ce ta tattara gyara duka: abin da allura ta ɓata ana iya warwarewa, amma abin da almakashi ya ci ba ya komowa. Saboda haka rigar da ta yi yawa ta fi sauƙi. A juya ta bai-bai a sa wa mai ita, a kama rarar da allura, a yi ɗinkin gwaji mai manyan taku, a sake gwadawa. Kada a yanke rarar sai an tabbata.

In ta matse, a fara duba rarar da aka bari bayan layin ɗinki. Takardun yanka da yawa su kan bar kashi 5 cikin 8 na inci, watau kimanin santimita 1 da rabi. In aka saki rabin santimita a kowane baki na gefuna biyu, kewayen riga zai ƙaru da santimita 2, domin bakuna huɗu ne. In wannan bai isa ba, sai a koma ga dabarar magabata, a warware gefe daga hammata zuwa ƙasa a sa cuna. Haka a ke yi wa hantsar wando in ta ɗaure mai shi.

In tsawo ya gaza, a saki kalmasa, a yi wa bakin shafi daga ciki da wani ƙyalle. In wuya ya yi faɗi, a kewaye shi da ƙyalle mai dacewa, ya zama kamar ado ne aka nufa. Akwai kuma aibin da rigakafinsa ya fi magani: yadin auduga ya kan tsuke a wankin farko, don haka a wanke shi a goge kafin a yanka.

5. Inda harshe ya gaza

Cuna da shafi da ƙubaka da kalmasa duk sunaye ne tabbatattu, amma samari da 'yammata masu koyon keke ba kowa ya san su ba. A ɗaya gefen kuma, abubuwa uku na sabon yanka ba su da suna guda da kowa ya yarda da shi: rarar da a ke bari bayan layin ɗinki, da ɗan ninkin nan mai tsini da a ke ɗinkewa a ƙirji ko ƙugu domin riga ta bi jiki, da hanyar da zaren saƙa ya bi a cikin yadi. Abin da ba shi da suna yana da wuyar koyarwa. Malama ta kan nuna da yatsa, ko ta faɗa da Ingilishi, ɗaliba ta koma gida ta manta, ta yanka yadi a karkace, riga ta murɗe bayan wanki, a jefa ta ƙasan akwati.

Shawarar da za a bayar ga malaman kwalejojin horon malamai guda biyu ce. Ta farko, malaman Hausa su haɗa kai da malaman ɗinki, su aiki ɗalibai wurin tsofaffin maɗinka su rubuto kalmomi tare da sunan garin da aka ji kowace, sa'an nan a gwada su da ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949. Mai yiwuwa a cikin tsofaffin kalmomi a sami waɗanda za su cike giɓin nan ba sai an ƙirƙiro sababbi ba. Ta biyu, a ba darasin gyara matsayi daidai da darasin yanka, kowace ɗaliba ta kawo tufa ɗaya da ta ƙi ta, ta faɗi aibinta da Hausa, ta gyara ta a gaban aji. Wadda ta iya kiran aibin rigarta da sunansa, ita ce za ta san inda za ta sa allura.