Me ke hana kwamfuta tashi bayan an ƙara mata RAM?

Ƙara wa kwamfuta ma'ajiyar wucin gadi, wadda aka fi sani da RAM, na daga cikin hanyoyi mafiya sauƙi na ƙara mata sauri. To amma akan samu mutum ya sanya sabuwar, ya danna maɓallin kunnawa, fanka ta kama juyawa, fuskar kwamfutar kuwa ta tsaya baƙi ƙirin.

A nan ne hankalin mai kwamfutar kan tashi, musamman idan takardun aikinsa ko na karatunsa suna ciki.

Sai dai a mafi yawan lokuta kwamfutar ba ta lalace ba, kuma bayanan suna nan lafiya, domin a rumbun ajiya suke. Ita RAM ba ta riƙe komai da zarar an ɗauke mata wuta.

Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da aka kunna kwamfuta, wata ƙaramar manhaja mai suna BIOS, ko magajiyarta UEFI, kan binciki sassan na'urar kafin ta buɗe Windows. Idan ba ta iya karanta RAM ba, sai ta tsaya cik. Wasu kwamfutocin kan yi ƙara tit-tit, wasu kuma su riƙa ƙyafta fitila, kuma ma'anar wannan alama ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Rashin zama daidai

Dalilin da ya fi yawa shi ne RAM ɗin ba ta zauna sosai a gurbinta ba. Masu sanyawa kan ji tsoron dannawa da ƙarfi, sai wasu daga cikin haƙoranta su kasa taɓa inda ya kamata.

Maganin shi ne a zare wayar wuta, a cire batir idan mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a cire RAM ɗin a sake zaunar da ita har sai maƙalan da ke gefenta sun kama. A kwamfutar tafi-da-gidanka, a karkace ake zura ta, sannan a danna ta ƙasa.

Yana da kyau mutum ya taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ya ɗauki RAM, kuma ya riƙe ta ta gefe. Wutar da ke taruwa a jikin ɗan Adam, wadda kan ƙaru a lokacin hunturu saboda bushewar iska, tana iya ƙona ta.

Idan har yanzu shiru, sai a mayar da tsohuwar ita kaɗai. Tashin kwamfutar da tsohuwar na nuna cewa matsalar tana ga sabuwar, kuma babu dalilin biyan mai gyara kuɗin sauya wani sashen.

Kama da wane

RAM iri-iri ce. DDR3 ta fito a shekara ta 2007, DDR4 a 2014, sannan DDR5 ta shiga kasuwa a 2021. DDR4 da DDR5 na kwamfutar kan tebur duka haƙora 288 gare su, amma tsagar da ke tsakaninsu ba a wuri ɗaya take ba, don haka tura ɗaya a gurbin ɗaya da ƙarfin tsiya ɓarna ce kawai.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne bambancin DDR3 da DDR3L, domin duka biyun kan shiga gurbi guda. Ta farkon tana aiki da wuta bolt 1.5, ta biyun kuwa 1.35. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da dama masu ɗauke da zubi na huɗu na na'urorin Intel Core, waɗanda suka fito a 2013, DDR3L kaɗai suke karɓa. Irin waɗannan kwamfutoci suna nan a kasuwannin kayan gwanjo, saboda haka karanta 'yar takardar da ke manne a jikin RAM kafin a biya kuɗi ya fi dogaro da maganar mai shago.

Akwai kuma RAM da aka ciro daga manyan kwamfutocin ma'aikatu, wadda kan zo da araha, amma akasarin kwamfutocin gida ba sa aiki da ita. Haka nan kowace kwamfuta tana da iyakar gigabayit ɗin da take ɗauka, kuma littafin bayaninta kan faɗa.

Masu sababbin kwamfutoci da ke aiki da DDR5 kuwa haƙuri ya kamace su. A kunnawar farko, na'urar kan ɗauki mintoci tana daidaita kanta da sabuwar RAM, fuskarta kuma babu hoto, sai wasu su kashe ta suna zaton ta ƙi tashi.

Idan duk wannan bai yi ba, a kwamfutar kan tebur ana iya cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintoci, domin BIOS ta koma tsarinta na asali.

Bayan kwamfutar ta tashi, manhajar MemTest86 da ake samu kyauta tana iya gwada RAM ɗin. Ko da kuskure ɗaya ta nuna, ya isa hujjar mayar da ita shagon da aka sayo ta.