Idan Bayan Mota Ya Zauna: Abin da Ke Gaskiya da Abin da Ba Shi Ba

Duk mai bin hanyoyin karkara ya san wannan siffa: tsohuwar Land Cruiser ko Hilux tana tafe hancinta na kallon sama, bayanta kuwa ya durƙusa kamar raƙumin da ake shirin yi wa lodi, alhali ba ta ɗauke da komai sai direba da yaron mota. Da zarar mai ita ya tsaya a bakin gareji, shawarwari za su fara zuba. Wannan ya ce shokozoba ce ta mutu, wancan ya ce a kai sifirin wurin maƙeri ya buge shi, wani ya ce a ƙara falle biyu a huta, har motar ta riƙa ɗaukar abin da ya fi na da. A cikin maganganun nan akwai gaskiya, akwai rabinta, akwai kuma wadda za ta iya kai mutum asibiti. Abin da ke haɗa su duka kuskure ɗaya ne, wato ɗauka cewa idan bayan mota ya tashi sama to an gyara shi. Tsayin mota daban, lafiyar ƙarfen da ke riƙe da ita daban.

Maganar shokozoba ita ce ta fi yawo, kuma ita ce aka bar jaki ana dukan taiki. A irin waɗannan motoci nauyi yana kan sifirin ne. Shokozoba bututu ce mai mai a ciki, aikinta ta hana motar ci gaba da lilo bayan ta faɗa rami, ta yadda taya za ta zauna daram a ƙasa. Cire ta gaba ɗaya daga motar da ke tsaye, da ƙyar tsayin motar zai sauya. Mai musu zai ce ai shi ya sa sabuwa ya ga bayan ya ɗan ɗago. Ba ƙarya ya yi ba: sabuwa mai iskar gas a ciki tana ɗan turawa sama, amma turin bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da nauyin motar da ta kai tan biyu. Akwai dai motoci ƙalilan da maganar ta zama gaskiya a kansu. Tsohuwar Range Rover tana da wata na'ura a tsakiyar aksul na baya mai daidaita tsayi idan an yi lodi, haka Lexus LX470 da wasu daga cikin Land Cruiser 100 suna da tsarin da matsin mai ke ɗaukar wani kaso na nauyin. Ga Hilux kuwa, da Land Cruiser 60, da 70 wadda ta fara fitowa a 1984, wanda ya sayi shokozoba don bayan mota ya tashi ya kashe kuɗinsa ne a kan wani ciwon dabam. Mai yiwuwa ma tsohuwar tasa ta mutu da gaske, domin motar da ta zauna tana wahalar da shokozoba, amma mutuwar tata sakamako ce, ba sanadi ba.

To me ke faruwa da sifirin? Mutane kan ce ya yi laushi. A gaskiya taurin ƙarfe wajen lanƙwasuwa ba ya raguwa da tsufa yadda ake zato. Abin da sifirin ke rasawa shi ne siffarsa. An ƙera fallayen da lanƙwasa irin ta baka, kuma duk lokacin da lodi ya danna su fiye da iyakarsu, ba sa komawa daidai inda suke. Kaɗan-kaɗan bakan yana miƙewa, wani ma har ya juya ya kalli ƙasa. A kan haka sai tsatsa ta ci kaurin fallen, yashi ya shiga tsakani yana goge su, ƙananan tsagu da ido ba ya gani su fara a gefen ramin kusar tsakiya ko kusa da idon babban falle. Sau da yawa idan aka kwance ɗaurin sai a tarar falle ɗaya ya daɗe da karyewa, 'yan'uwansa ne suka rufa masa asiri.

Daga nan ake gane matsayin bugu da guduma. Gaskiya ne maƙeri zai iya mayar wa falle lanƙwasarsa a sanyi, motar ta tashi a ranar, mai ita ya tafi yana murna. Sai dai ƙarfen da ya gaji bai huta ba don an buge shi, tsagun da ke cikinsa ma ba su haɗe ba, saboda haka komawarsa gidan jiya ba ta da wuya, musamman ga motar da ke cin kasuwannin ƙauye kowane mako. Gyaran da ya amsa sunansa shi ne a gasa fallen a tanderu har zafi ya haura digiri 800, a lanƙwasa shi, a tsoma a mai, sannan a sake gasa shi a zafin da bai kai na farko ba domin ya daina gautsi. Wannan aiki ne na masana'anta mai ma'aunin zafi. Wutar gawayi ko ta mai walda a gefen titi ba ta dafa ƙarfen bai ɗaya, sai wani wuri ya yi taushi, wani ya yi gautsi. Walda kuwa a kan fallen da ya karye gyaran gangar Auzinawa ne. Zafinta yana kashe ƙarfen da ke gefenta, a nan kuma zai sake ɓallewa. Idan babban falle ne, abin ya wuce maganar tsayi, domin shi ke riƙe aksul a mazauninsa. Ranar da ya tsinke ana gudu, tayar baya za ta goce, motar ta ƙwace daga hannun direba.

Ƙarin falle shi ne ya fi kusa da gaskiya, shi ya sa ya fi wuyar musantawa. Lallai yana ɗaga mota, lallai yana ƙara wa ɗaurin tauri, kuma idan sauran fallayen lafiyarsu ƙalau, hanya ce da ake bi ko'ina a duniya ga motar da kullum take ɗauke da kaya. Ƙaryar tana cikin jelar maganar, inda ake cewa yanzu motar ta zama mai ɗaukar fiye da ƙa'idarta. Nauyin da kamfani ya rubuta a jikin mota ba daga sifirin kaɗai aka lissafa shi ba. Akwai aksul, da boris, da casis, da tayoyi, da birki, kuma babu ɗayansu da ya ƙara ƙarfi don an cusa falle. Abin da kawai aka yi shi ne an ɓoye alamar da a da take gaya wa direba cewa lodi ya yi yawa. Sannan sifirin da ya yi tauri fiye da kima yana miƙa wa casis dukan da ya kamata shi ya shanye, a hanya mai gargada sai ka ga tsagu sun fito a inda aka maƙala shi. Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba. Tsofaffin Toyota da yawa suna da wani bawul a baya mai auna tazarar da ke tsakanin casis da aksul, da ita yake sanin ƙarfin birkin da zai tura wa tayoyin baya. Motar da ta zauna tana ruɗar bawul ɗin ya zaci an yi lodi, sai tayoyin baya su riƙa ƙamewa da wuri a kan laka ko tsakuwa. Wadda aka ɗaga fiye da asalinta kuma, sai ya zaci wayam take ko da an cika ta, birkin baya ya ragu. Duk wanda ya sauya tsayin baya bai daidaita wannan bawul ba, aikinsa bai ƙare ba.

Sauran dabarun ba sa buƙatar dogon bayani. Tsawaita ƙarafan da ke rataye ƙarshen sifirin yana ɗaga mota da kusan rabin abin da aka ƙara, santimita 5 ta ba da 2 da rabi, amma yana karkatar da furofela, sifirin kuma yana nan a gajiyarsa. Cusa dunƙulen ƙarfe tsakanin sifirin da aksul yana ɗagawa ne kawai idan sifirin yana bisa aksul. A Land Cruiser 60 da 70 a ƙarƙashi yake, don haka ƙara durƙusar da motar zai yi. Masu Land Cruiser 80, wadda ta zo a 1990 da murɗaɗɗen sifirin gaba da baya, su ma sukan sa zoben roba a kansa. Tsayi zai dawo, amma murɗin da ya riga ya gajarce bai ƙara tsawo ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta aljihu: sabon ɗauri yana da tsada, mota kuma ba ta samun abinci a tsaye. Wannan gaskiya ce, kuma ba kowane zama ke neman sabon sifirin ba. Shi ya sa awo ya kamata ya riga saye. A sauke kaya, a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi dama da hagu, a leƙa a ga ko aksul ya fara goge robar da ke tare shi. Wani lokaci bushin ne kawai ya cinye, wani lokaci falle ɗaya ne ya karye, ana iya musanya shi da irinsa. Idan ɗaurin duka ya miƙe, a sauya ɓangarorin biyu tare, ko da na hannu ne daga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, matuƙar an jera su a ƙasa an ga lanƙwasarsu ɗaya ce, an kuma kankare fenti an duba tsagu. A sa sababbin kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul, domin tsofaffin sun riga sun miƙe. Kada a ƙarasa ɗaure kusoshin bushin sai an sauke motar daga jak nauyinta ya hau tayoyi, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bayan 'yan tafiye-tafiye na farko, a koma gareji a sake matse kusoshin aksul, domin sababbin fallaye sukan kwanta su bar sarari.