Kuɗin Fim Ba Tsintuwa Ba Ne

A majalisun Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku, idan hira ta biyo ta kan sana'o'in da suka shuɗe, ba a rasa mai cewa masu sayar da kayan hoto na da sun ci banza. Wai mutum yana zaune a inuwa, ya miƙa kwalin fim ya karɓi kuɗi, har wayar hannu ta zo ta same shi yana barci. Masu faɗin haka suna da abin kafa hujja. Sun ga cincirindon masu hoto a bakin shago ranar jajibirin Sallah, sun ga wasu 'yan kasuwar sun gina gida sun sauke farali. Ban ƙaryata idonsu ba, sai dai a bakin kanta suka tsaya, ba su leƙa ciki ba.

Fim kaya ne mai lalacewa. Mai sayar da shi ya fi kusa da mai tumatir na Yankaba a kan mai atamfa na Kwari. Kowane kwali na Kodak ko Fuji ko Agfa ko Konica yana ɗauke da watan da wa'adinsa zai cika, kuma sanyi yake so. To a Kano ake, inda zafin Afrilu ke kaiwa digiri 40, wuta kuma ba ta da tabbas. Dole sai da firij, firij kuma sai da janareta. Babbar matsalar ita ce fim ɗin da ya sha zafi ba ya nuna alama. Kwalinsa fes. Sai mai hoto ya ɗauki kamu da ɗaurin aure da kai amarya, hoto 36 cif, ya kai wanki, sannan a ga fuskoki sun dushe, farar shaddar ango ta rine, ko'ina kamar an yi hazo. Biki kuwa ba a maimaita shi. Mai hoton zai sha kunya a gidan amarya, daga can shagon zai nufo, kuma kafin la'asar abokan sana'arsa sun ji wurin wanda ya saya. Sunan da aka yi shekaru ana ginawa yana iya zubewa a kan katan guda.

Sai maganar jari. Fim da takardar hoto da sinadarin wanki duk daga waje ake shigo da su, don haka duk abin da ya taɓa dala ya taɓa shagon. Akwai azurfa a jikin fim, shi ya sa da farashinta ya kusa dala 50 a kan oza a Janairun 1980, kayan hoto suka tashi a duniya. Bayan nan aka sha fama da lasisin shigo da kaya, sannan tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, wadda a farkon shekarun 1980 ta fi dala, amma kafin tsakiyar shekarun 1990 sai an ba da kusan naira 22 kafin a sami dala ɗaya a farashin gwamnati. Mutum zai sayar da kaya da riba a lissafi, ya je saro wasu ya tarar kuɗin ba su isa su mayar da abin da ya fita ba.

Layin jajibirin nan da ake yi wa kallon arziki ma, ba duka ne kuɗi hannu ba. Mai hoton da zai kwana uku a Gidan Zoo ko ya bi Hawan Daushe ba ya ganin kuɗinsa sai ya wanke ya raba, kuma akwai wanda zai tsaya a ɗauke shi cikin kwalliya amma ba zai dawo karɓa ba. Haka wanda ya taso daga Kura ko Dawakin Kudu ya sauka a Unguwa Uku. Duk sunansu na cikin littafin bashin mai shago: fim kaza, batir kaza, sai bayan Sallah. Da jarinsa matasa da yawa suka tsaya da ƙafarsu, kuma idan ɗayansu ya faɗi, shi ne ke ɗaukar asarar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne raina iliminsu. Mai shago ne zai gaya wa sabon shiga cewa fim mai lamba 100 na rana ne, na cikin ɗaki sai mai 400. Shi ne ya san ruwan wankin hoto mai kala yana son kusan digiri 38, na baƙi da fari kuwa 20, wanda a bazara sai an nemi ƙanƙara. Idan fim ya maƙale a cikin Yashica ko Pentax, zai cusa kyamarar a baƙar jaka, ya zura hannu biyu, ya buɗe ta da lalube, ya naɗe fim ɗin ba tare da haske ya taɓa shi ba, mai hoto na tsaye yana salati don aikin sunan jiya na ciki. Ga masu hoto da yawa, bakin kantar nan ce makarantarsu.

Zancen barci kuma, a yi musu adalci. Injiniyan Kodak ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma a 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. AgfaPhoto ya durƙushe a 2005, Konica Minolta ya bar harkar hoto a 2006. Waɗannan sun ga abin da ke tafe, suna da masana da biliyoyi, bai hana su faɗuwa ba. Dalilin ɗaya ne da na ɗan shagon Kano: kyamara sau ɗaya ake saye, fim kuwa kowane mako, kuma cinikin kowane makon ne ke riƙe da haya da albashin yara. Da katin ajiya ya zo, wanda ake gogewa a sake ɗauka, wannan ciniki ya ƙafe, babu dabarar da za ta dawo da shi. Wasu sun koma sayar da tawada da takardar firinta, wasu sun bi harkar waya zuwa Farm Centre. Waɗanda suka cika firij da fim a shekarun ƙarshe kuwa, wa'adinsa a hannunsu ya cika, asarar kuma daga aljihunsu ta fita.