Matan Afganistan Masu Wasan Kurket: An Ba Su Fili, An Hana Su Tuta

A ranar 30 ga watan Janairun 2025, wasu ƴan matan Afganistan suka fito filin Junction Oval da ke birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya domin buga wasan kurket. Wannan ne karo na farko da suka taka fili a matsayin ƙungiya ɗaya tun bayan da suka tsere daga ƙasarsu a shekarar 2021. Nahida Sapan ce ta jagorance su, kuma ba su yi nasara a wasan ba. Sai dai abin da ya fi jan hankali shi ne rigunan da suka saka: babu tutar Afganistan a jiki, babu tambarin hukumar kurket ta ƙasar, sai wani tambari da suka zana da kansu, wanda ya haɗa furen ƙasarsu da na ƙasar da ta ba su mafaka.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da mutum 11. Ɗan wannan ɓangare ya jefo ƙwallo mai tauri, na wancan ɓangare ya maka ta da faffaɗan katako, sannan ya ruga da gudu domin tara maki. Turawan Ingila ne suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mulka, shi ya sa a Indiya da Pakistan da Bangladesh ya sha gaban ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba.

Wasan ƴan gudun hijira

Gudun hijira ne ya raini kurket ɗin Afganistan. Bayan da sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasar a 1979, miliyoyin mutane suka ƙaura zuwa Pakistan, inda yaransu suka koyi wasan a sansanonin da ke kewayen birnin Peshawar. An kafa hukumar kurket ta Afganistan a 1995, a 2017 kuma hukumar kurket ta duniya, wato ICC, ta karɓe ta a matsayin cikakkiyar mamba. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan wannan matsayi shi ne ƙasa ta kasance tana da ƙungiyar mata.

An fara kafa ƙungiyar matan a 2010, amma ta wargaje a 2014 saboda barazana da rashin goyon baya. A watan Nuwamban 2020 ne hukumar ta sake ɗaukar mata 25, ta ba su kwantiragi. Ga budurwar da ta saba jin cewa wurinta ɗaki ne, wannan takarda ba ƙaramin abu ba ce, domin ta ba ta sana'a da kuma hujjar da za ta nuna wa dangi cewa ba shiririta take yi ba.

Watanni tara kacal wannan murna ta yi. A ranar 15 ga watan Agustan 2021 Taliban suka kama birnin Kabul, kuma a watan Satumba wani jami'insu mai suna Ahmadullah Wasiq ya shaida wa kafar SBS ta Ostireliya cewa ba dole ba ne mata su yi kurket, domin a cewarsa jikinsu na iya bayyana. Daga nan aka rufe wa ƴan mata makarantun sakandare, a ƙarshen 2022 kuma aka hana mata shiga wuraren motsa jiki da jami'o'i. Alhali ƙasashen Musulmi irin su Pakistan da Bangladesh suna da ƙungiyoyin mata. Matan Bangladesh ma su ne suka ci kofin Asiya a 2018.

Ƴan wasan sun ɓuya, wasu suka ƙona kayan wasansu don kada a gane su. Da taimakon wasu matan Ostireliya, ciki har da tsohuwar ƴar wasa Mel Jones, akasarinsu suka ratsa ta Pakistan tare da iyalansu, suka zauna a biranen Melbourne da Canberra, inda suka koma karatu da aiki da kuma buga wa ƙananan kulob-kulob wasa.

Inda gizo ke saƙar

A ƙa'idar ICC, hukumar ƙasa ce kaɗai ke iya gabatar da ƙungiyar ƙasa, ita kuwa hukumar Afganistan ba ta da ikon ƙetare umarnin masu mulki a Kabul. Haka nan ICC ba ta dakatar da Afganistan ba duk da ta karya sharaɗi, tana mai cewa bai kamata a hukunta maza kan laifin da ba nasu ba. Ostireliya ta sha fasa wasanninta da mazan Afganistan tun daga 2021, a farkon 2025 kuma ƴan majalisar Birtaniya sama da 160 suka nemi Ingila ta ƙaurace wa karawarta da su a birnin Lahore. An buga wasan, Afganistan ta yi nasara.

Su kansu matan wata hanya suka bi. Bayan da mazan suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2024, mata 17 suka rubuta wa ICC wasiƙa suna taya ƴan uwansu murna, tare da roƙon a amince da su a matsayin ƙungiyar ƴan gudun hijira. A watan Disamba na wannan shekarar kuma fitattun ƴan wasa Rashid Khan da Mohammad Nabi suka fito fili suka soki matakin hana mata koyon aikin jinya da ungozoma.

Sannu ba ta hana zuwa. A watan Afirilun 2025 ICC ta sanar da wani shiri na tallafa musu da kuɗi da horo, tare da hukumomin Indiya da Ingila da Ostireliya, kuma an kai su Indiya lokacin gasar kofin duniya ta mata a wannan shekarar, sai dai a matsayin baƙi. A ɓangaren ƙwallon ƙafa kuwa, FIFA ta kafa ƙungiyar matan Afganistan ƴan gudun hijira, wadda ta buga wasanni a Maroko a ƙarshen 2025.

Ƴan matan sun sha faɗa cewa ba don kansu kaɗai suke wasa ba, suna yi ne a madadin ƙannensu da ke Kabul da Herat waɗanda aka tsayar da karatunsu a aji shida na firamare. Mazan da a yau ake tafa wa, su ma daga sansani suka fito, duniya ta buɗe musu ƙofa. Abin da matan ke nema ke nan: a buɗe musu wannan ƙofar, su shiga da sunan ƙasarsu.