KWANA BIYU A KUMASI BA TARE DA AIKE BA

Jama'a, wannan labarin wata 'yar tafiya ce da muka yi daga nan Ankara zuwa Kumasi, kamar mako biyu bayan Babbar Sallah ta 2024. Ba mu shirya ta ba, ba mu aika wa kowa ba, ba mu kama ɗaki ba. Mu uku ne. Ran Jumma'a muna fitowa daga masallaci a Nima sai ɗayanmu ya ce shi fa rabonsa da Kumasi tun yana goye. Muka yi masa dariya, sai kuma muka duba muka ga mu ma namu rabon ya haura shekara goma. Kafin La'asar kowa ya ɗauko rigarsa guda biyu da buta, mun tsaya a tashar Sakul.

Abu na fari da ya kamata mai irin wannan tafiya ya sani shi ne, hanyar Kumasi ba ta rasa mota. Manyan motocin nan ba su jiran ƙarfe kaza, da sun cika sai su tashi, wata ta matso. Nisan kamar kilomita 250 ne, amma kada mutum ya auna shi da lissafin makaranta. Fita daga Ankara ran Jumma'a da yamma ita kaɗai aiki ce. Muka bi ta Suhum, muka wuce Nkoko duwatsun Kwahu na hannun dama, duhu ya rufe mu tun kafin Konongo, ba mu sauka Asafo ba sai wajen ƙarfe 10 na dare.

To, a nan ne wautarmu ta bayyana. Mun manta da cewa Asabar ita ce ranar makoki a ƙasar Asante. Mutane sukan taho daga ko'ina tun daren Jumma'a, da baƙaƙen zannuwa da jajaye a cikin jaka, su cika masaukan kuɗi. Muka shiga gida na fari, babu ɗaki. Na biyu, babu. A na uku akawun ya ce akwai guda, ya faɗi kuɗin da ko shi kansa bai iya duban idonmu ba sa'ad da yake faɗi. Muka fito muka tsaya bakin titi da butocinmu, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Direban tasi ne ya raba gardamar. Ya ji muna Hausa, ya ce, ku da kuke da zango, me kuke nema a nan? Ya kai mu Aboabo ya sauke mu gaban wani ƙaramin masallaci, inda waɗansu dattawa ke zaune a benci kusa da mai shayi.

Muka yi sallama, muka durƙusa muka gaishe su. Babbansu bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba, sai ya ce, "Samari, 'ya'yan wane gida ne ku?" Nan fa aka yi shiru. Biyu daga cikinmu ba su iya wuce sunan kakansu ba. Allah Ya taimake mu na ukun ya tashi a hannun kakarsa, ya ce, "Baba, mutanenmu daga Salaga suka taso bayan yaƙi, suka zauna Karaci, kana suka gangaro Ankara." Tsohon ya gyara zama. Ya ce nasu ma daga can suka watse a yaƙin basasar 1892, sai dai su kudu suka yi zuwa nan saboda goro. Aka yi ta jero sunayen gidaje da na malamai, har aka kai ga wani gida da dukansu biyu suka sani. Ko da gaske akwai jini tsakaninsu, ko babu, oho. Abin da muka gani dai ya kira jikansa ya ce a share ɗakin zaure, a shimfiɗa tabarmi.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan wannan, gama shi ne dalilin rubuta labarin. Kalmar zango da muke kiran unguwanninmu da ita, asalinta wurin da ayari ke yada kaya ya kwana. Kakanninmu fataken Gwanja ba su san aika takarda a kama musu ɗaki ba. Kowane gari akwai maigida, shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in magana ta taso, shi kuma ya sami la'adarsa. Watau tafiya babu aike ba sabon abu ba ce gare mu, a kanta aka kafa mu. Amma fa tana da sharaɗi, sai baƙo ya iya faɗin ko shi wane ne. Yaranmu na yanzu da yawa sun san lambar wayarsu da ka, ba su san garin da kakan ubansu ya fito ba. Ranar da suka tsaya gaban benci irin wannan, da me za su buɗe ƙofa?

Kuma kada wani ya karanta wannan ya ce ya sami hanyar kwana kyauta. Gidajen zangon Kumasi a cike suke kamar namu na Nima da Sabon Zango, ɗakin da aka ba mu wani saurayi aka tayar daga cikinsa. Da gari ya waye muka sayo sukari da ganyen shayi da sabulu muka aika cikin gida, muka ba saurayin abin da ya sawwaƙa. Da da iyali muke, da ba mu yi wannan ganganci ba. Namiji ya iya kwana a zaure ko a baranda, mace da yara kuwa sai an aika tukuna.

Da Asuba muka sha koko da ƙosai a bakin hanya, muka yi shawara. Wanda ke da yini guda ya zaɓi abu biyu ya gan su sosai, ya fi ya bi goma a guje. Tafkin Bosomtwi da masaƙan Bonwire muka bar su sai wani jiƙon. Muka nufi Manshiya.

Tsohuwar fadar nan Ingilishi suka gina ta a 1925 domin Sarki Prempe na Ɗaya, wanda suka kama a 1896, suka kai shi har tsibiran Seshel, bai komo ba sai 1924. An mai da ita gidan tarihi a 1995. Mun yi sa'a, gama a watan Mayu na 2024 aka fara nuna kayan zinariya da na sarauta guda 32 waɗanda gidajen tarihi biyu na Landan suka bayar aro, mafi yawansu abin da aka kwashe ne a yaƙin 1874 da bayansa. Aro fa, jama'a! Mai kaya ya zama mai ara. Mun daɗe tsaye gaban gilashin nan. Rashin sa'armu guda, an gaya mana bikin Akwasidai, wanda akan yi ran Lahadi bayan kowane kwana 42, inda Otumfuo Osei Tutu na Biyu kan fito a gaishe shi, an yi shi makon da ya wuce. Da mun yi tambaya kafin mu taso, da mun gyara.

Daga nan muka sauka Adum muka duba ganuwar da Yaa Asantewa da mayaƙanta suka tsare Gwamna a ciki a 1900, bayan ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya. A nan bakinmu ya yi nauyi kaɗan, domin cikin sojan da ke bayan bangon nan akwai waɗanda ake kira Hausa, ko da yake ba dukansu ne Hausawa ba. Amma tun kafin wannan da nisa akwai malamai Musulmi a fadar Asante, suna yi wa sarki rubutu da layu, Turawan da suka zo a 1817 sun tarad da su. Zamanmu da Tonawa, yadda tsofaffi ke kiransu, ya ga kowane irin yanayi.

Sauran yinin a Kejetiya ya ƙare. Ba za mu ɓata takarda wajen kwatanta ta ba, gani ya kori ji. Sai dai mutum ya riƙe aljihunsa, ya kuma lura da ƙofar da ya shiga. Mun ɓace wa juna sau biyu. Muka sayi goro ɗan kaɗan na tsaraba, muka yi Magariba a Babban Masallaci wanda aka sabunta aka buɗe a 2023, muka ci tuwon zafi a wata rumfa da ladan ya nuna mana. Wannan ma dabara ce: wurin ci a baƙon gari, a tambayi ladan ko direba, kada a bi allon da ya fi haske.

Ran Lahadi da hantsi muka je sallama. Tsohon ya riƙe hannun ɗan'uwanmu mai kaka, ya ce, "Ɗana, in ka isa ka gai da mutanen gida." Kana ya juyo wajenmu mu biyu, ya ce in mun sake zuwa ba mu san sunan kakan ubanmu ba, a benci za mu kwana. Ya kuma shaida mana jikan nan nasa zai zo Ankara neman aiki bayan damina, ba shi da kowa a can. Muka rubuta masa kwatancen gida a bayan takardar mota.

Yaron ya zo. Wata biyu ya yi a zauren ɗayanmu kafin ya sami ɗaki a Mamobi.